Kalmasa

Na bar masa kalmasa yatsu uku a ƙafar wando,
domin Zayyanu yaro ne mai saurin tsawo,
kamar rake a bakin kogi.
Na ce idan ya dawo hutu
zan warware zaren in sakar masa.

Ran Talata aka kira ni.
Ina kan keke a rumfata ta Kasuwar Barci,
allura a bakina.
Muryar ta ce, "Kai ne uban mai lamba ɗari biyu da sha huɗu?"
Lamba.
Ni da na yanka masa rago,
na raɗa masa suna a kunnen dama.

Suka ce zazzaɓi ne.
To amma ni na zuba ruwa sa'ad da ake masa wanka.
Zazzaɓi ba ya barin shatin bel a gadon baya,
ba ya karya haƙarƙari biyu.
Shekara ashirin da bakwai ina ɗinki,
rigarsa ta ƙarshe ba ta nemi allurata ba.
Yage ta kawai aka yi.

Ranar uku wani ɗan yaro ya zo, Nafi'u,
wanda ke kwana a gadon sama.
Ya tsuguna bayan tabarma, ya ƙi cin waina.
Ya ce a kan bokitin ruwa ne.
Manyan ɗalibai huɗu, bayan an kashe fitila.
Na ce, me ya ce musu?
Ya ce, "Ku yi haƙuri" yake ta faɗa, Baba,
har ya daina.

Tun daga ranar, duk wanda ya shigo zaure
ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri,
muryar yarona nake ji.

Ya Allah, bakina ya faɗi abin da ake faɗa:
daga gare Ka muke, gare Ka za mu koma.
Ya faɗa tun a gadar Kawo, cikin motar asibiti.
Zuciyata ce ta makara,
har yanzu tana ƙofar makarantar
tana jayayya da maigadi.
Ka jira ta. Ka fi kowa sanin gurguwa ce.

Akwatin ƙarfensa ya dawo da kwaɗo a kulle.
Uwarsa Rakiya ta fasa da taɓarya.
Garin kwaki rabin leda, ƙuli-ƙuli,
littafin lissafi da ya tsaya a shafi na tara,
da wasiƙar da bai aiko ba:
"Baba a ƙaro mini sukari. Ina lafiya."
Ba ta yi kuka a nan ba.
Sai da magariba, da ta ga ta jera kwano biyar.

Liman ya ce ƙananan da suka riga mu
za su tsaya a ƙofar Aljanna su ƙi shiga,
sai sun kama gefen rigar iyayensu sun ja.
Na daɗe ina juya maganar.
Gefen riga, wannan aikina ne,
na san inda yake ɓarkewa.
Shi ya sa nake tashi asuba ko da ƙafata ta ƙi,
ina bin sahu, ina maimaita ɗinkin,
kada ya ja ta yage a hannunsa.

Yaran nan huɗu ma an haife su.
An ce in yafe. Ban kai nan ba,
kuma ba zan yi Maka ƙarya a kan sallaya ba.
Na dai daina roƙon abin da na roƙa daren farko.

Wandon na rataye a ƙusa, bayan keke.
Jiya wani ya tambaya ko na sayarwa ne.
Na ce a'a, da mai shi,
tsawo ya tafi yi.